Tun Ran Gini, Ran Zane: Magana Ga Masu Shiga Jami'a Da Iyayensu

Kowace shekara, in sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a suka fito, gidaje da yawa sukan cika da murna. Akan sayar da buhunan masara ko akuya, wani ma har saniya, a haɗa kuɗin rajista, a sayi akwati da katifa da risho, uwa ta soya ƙuli-ƙuli ta daka yaji, a raka yaro tasha. Wannan duka daidai ne, gama ba ƙaramin abu ba ne ɗa ko 'ya su kai wannan matsayi. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yinta ba a cikin murnan nan, ita ce: in yaron nan ya gama, wane aiki zai yi? In wani ya tā da maganar, sai a ce masa, "Ai da sauran lokaci, bari ya shiga tukuna."

Mu da muke koyarwa a makarantar ikilisiya, mu ne muke sallamar yaran nan, mu ne kuma muke ganinsu sa'ad da suka komo gida bayan shekara biyar ko shida. Waɗansu sukan komo da abin yi a hannu. Waɗansu kuwa sukan komo da takarda kaɗai, su zauna a ɗakin da suka bari, uban da ya sayar da saniya dominsu shi ne har yanzu yake ba su kuɗin sabulu. Da muka dinga lura, sai muka ga bambancin nan ba a ajin ƙarshe yake farawa ba. Tun daga shekara ta fari hanyoyinsu sukan rabu. Dalilin rubutun nan ke nan. Mu dai a difloma muka tsaya, amma wanda yake zaune a bakin hanya ya san waɗanda suka wuce da kaya, ya kuma san yadda suka komo.

ZAMANI YA SAKE

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, jami'o'i 5 ne kaɗai a dukan Nijeriya, wato Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Zariya. Ko bayan da aka ƙara waɗansu a 1975, irin su Jos da Maiduguri da Sakkwato, mai digiri abin nema ne. Manyanmu sun ba mu labari cewa a shekarun 1970 ma'aikatu da kamfanoni su ne suke bin ɗaliban ajin ƙarshe har makaranta. Mutum yakan gama aikin bauta wa ƙasa, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ya tarar aiki yana jiransa a mataki na 8, ga gidan gwamnati, ga rancen mota.

Wannan zamani ya wuce. Tun daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, ɗaukar ma'aikata ya yi ta raguwa. Masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda kuma jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, a 2024 kuwa kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB. Masu takarda sun yi yawa, kujerun ofis ba su ƙaru haka ba. Amma da yawa cikinmu iyaye har yanzu da idon 1975 muke duban digiri. Muna tsammani takardar ita da kanta za ta nemo aikin. Yanzu mai ɗaukar aiki yakan duba takarda domin ya bar ka ka shigo ɗakin, sa'an nan ya tambaye ka, "Me ka iya?" Amsar wannan tambaya ba a haɗa ta a wata guda.

MAKIN SHEKARA TA FARI BA YA GOGUWA

Abu na fari da sabon ɗalibi ya kamata ya sani shi ne yadda ake lissafin maki. A sakandare, in yaro ya yi wasa a aji huɗu, yana iya ƙoƙartawa a aji shida ya ci WAEC ko NECO, abin da ya wuce ya wuce. A jami'a ba haka ba ne. Kowane kwas da ka ɗauka, tun daga zango na fari, ana tara makinsa a kai shi har ranar da za ka fita.

Ga yadda abin yake a yawancin jami'o'inmu. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, wato maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki 3, haka har ƙasa. Akan haɗa su duka bisa ga nauyin kowane kwas a fitar da matsakaici. Wanda matsakaicinsa ya kai 4.50 ya fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ce ta sama, wadda ɗalibai suke kira 2:1. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa. Bankuna da manyan kamfanoni da masu ba da tallafin ƙaro karatu da yawa sukan rubuta a sanarwarsu cewa 2:1 suke so.

To, bari mu yi lissafi irin na aji. A ce karatun na shekara 4 ne, nauyin kowace shekara kuma daidai yake. Mai son fita da 3.50 dole jimlar shekarunsa huɗu ta kai 14. In ya yi wasa a shekara ta fari ya sami 2.00, saura 12 ke nan a raba wa shekara 3, wato sai ya riƙa samun 4.00 kowace shekara, ga shi kuwa darussa suna ƙara wuya ne, ba sauƙi ba. Mai son daraja ta ɗaya kuwa jimlarsa 18 ce. In ya fara da 3.00, sai ya ci A a kowane kwas har ya gama. In ya fara da 2.50, ƙofar ta rufe ke nan tun bai san akwai ta ba.

Me ke cinye shekara ta fari? Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Yaron da ya saba da ƙararrawa da bulala da malamin da ya san sunansa, sai ga shi a ɗakin lacca na mutum ɗari biyar, ba mai tambayarsa ko ya zo. Waɗansu sukan raina darussan gama-gari, irin na Turanci da sanin amfani da laburare, su ce ba su shafi fanninsu ba, alhali makinsu yana shiga lissafi daidai da na sauran. Waɗansu ba su kula da gwajin tsakiyar zango da aikin gida, waɗanda sukan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin 100. Waɗansu kuma sukan yi kuskure wajen rajistar kwas, su zauna jarrabawar da ba a rubuta sunansu a kai ba. Kowane aji yana da malamin da aka sa ya lura da shi. Ɗana, 'yata, ku nemi ofishinsa a mako na fari, ku karanta littafin dokokin sashenku tun daga bango har bango. Matambayi ba ya ɓata.

KWAS ƊIN DA AKA BA KA

Da yawa cikin yaranmu ba su samun abin da suka nema. Wadda ta nemi likita sai a ba ta ilimin tsirrai, wanda ya nemi lauya sai a ba shi tarihi. Hanya uku ce a gaban irin wannan ɗalibi. Yana iya sake zama JAMB. Yana iya neman canjin kwas a ƙarshen shekara ta fari, in jami'arsa ta yarda, wannan kuwa sai da maki mai kyau da kuma darussan sakandare da suka dace. Ko kuwa ya rungumi abin da ya samu, ya bincika inda yake kaiwa. Kowace cikin ukun nan tana iya zama daidai. Abin da yake kashe ɗalibi shi ne hanya ta huɗu, wato ya zauna a kwas ɗin jikinsa yana ciki zuciyarsa tana waje, yana ta ƙunci har maki ya lalace, canjin bai samu ba, wanda yake hannu kuma ya zube.

Akwai wata yarinya da muka koyar, wadda tun tana ƙarama kowa yake kiranta likita. Aka ba ta ilimin tsirrai. Ta zo hutu na fari idonta jawur, ta ce, "Malam, me zan yi da ganyaye?" Muka tambaye ta me mahaifinta yake nomawa. Ta ce dankalin Turawa. Muka tambaye ta me ya sa wata shekara gonar takan ƙone da damina, ganye ya yi baƙi. Ta ce ba ta sani ba. Muka ce, to, a sashenku ake koyar da amsar. Daga nan ta fara duban karatunta da wani ido dabam. Da lokacin koyon aiki ya yi, ta nemi wurin da ake binciken iri, yau kuwa manoman yankinsu wurinta suke zuwa neman irin dankali mai lafiya da shawara a kan feshi. Ƙasarmu cike take da irin wannan bukata. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, manoman Kachia da Jaba da kewaye suka yi hasara mai yawa. Wa zai yi maganin irin wannan in ba yaran da suka karanta tsirrai da aikin gona ba? Ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga ta dabbobi a Shika, ga ta lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, ga tashar binciken dankali a Kuru. Duk a ƙofar gidanmu suke.

Ko wanda ya sami abin da yake so, ya kamata ya san tsawon hanyarsa tun yanzu. Karatun likita shekara 6 ne, sa'an nan shekara guda ta koyon aiki a asibiti. Lauya shekara 5, sa'an nan Makarantar Lauyoyi kafin a kira shi. Injiniya sai ya yi rajista da hukumar COREN kafin a san da shi sosai. Malami yana bukatar lasisin hukumar TRCN, wanda bai karanta fannin koyarwa ba kuwa sai ya ƙara diflomar ilimi bayan digiri. Akanta yana da jarrabawar ICAN ko ta ANAN a gabansa, matakin farko na ICAN kuwa ana iya fara shi da takardar sakandare, ɗalibi yana cikin jami'a. Wanda ya san wannan a aji ɗaya yakan gama da rabin tafiya a bayansa.

A kuma lura da shekarun haihuwa. Wanda ya wuce shekara 30 a lokacin da ya gama, ba a tura shi bauta wa ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Kamfanoni da yawa kuma sukan sa iyakar shekaru ƙasa da haka ga sababbin ma'aikata. Saboda haka mai tunanin sake JAMB sau uku domin kwas guda, ya zauna da iyayensa su yi lissafi.

Shawararmu ita ce, kafin shekara ta fari ta ƙare, ɗalibi ya nemi mutum uku waɗanda suka karanta abin da yake karantawa, suna kuma aiki. Ba za a rasa su a ikilisiya ko a unguwa ko cikin dangi ba. Ya je da ladabi ya tambaye su: Yaya kuka sami aikin? Me kuke yi daga safe zuwa yamma? Me ake bukata a wurin aiki wanda ba a koyar a aji ba? Hira ta sa'a guda da irin waɗannan takan fi shekara guda ta zato.

ABUBUWA HUƊU DA KOWA YAKE BUKATA

Kome fannin da mutum yake karantawa, akwai abubuwa huɗu da za a neme su a wurinsa.

Na ɗaya, rubutu. Abin kunya ne mai digiri ya kasa rubuta wasiƙar neman aiki mai shafi guda ba kuskure, amma muna ganin haka, gama wurinmu sukan kawo a gyara musu. Maganinsa karatu ne da rubutu kullum. A karanta littafi guda kowane wata wanda ba na jarrabawa ba, a karanta jarida, a riƙa rubuta abin da aka fahimta daga lacca da kalmomin kai. Tun daga ƙarshen 2022 manhajojin da suke rubuta amsa, irin su ChatGPT, sun shiga wayar kowane ɗalibi. Suna da amfani wajen bayyana abin da ya shige duhu, amma wanda ya mai da su masu yi masa aikin gida, kamar wanda ya aiki wani ya ci masa tuwo ne. Ranar ganawa da masu ɗaukar aiki shi kaɗai zai zauna a kujerar. Kada kuma a yar da Hausa ko harshen gida. Ma'aikacin lafiya ko na gona ko na banki wanda ya iya bayyana abu ga tsohuwa a ƙauye da harshen da take ji, ya fi wanda Turanci kaɗai ya iya.

Na biyu, magana a gaban jama'a. Wannan sai da yi. In malami ya ce wa zai gabatar da aikin rukuni, ka ɗaga hannu ko da gwiwarka tana rawa. Sau na biyar ba za ta yi rawa ba.

Na uku, kwamfuta. Yaranmu sun iya latsa waya, sun iya Facebook da WhatsApp, sai su ɗauka sun iya kwamfuta. Dabam suke. Abin da ofis yake so shi ne buga rubutu da sauri da yatsu goma, tsara takarda a Word, yin lissafi da jadawali a Excel, aika wasiƙar imel mai kan gado, da iya binciken abu a intanet a rarrabe gaskiya da ƙarya. Wanda ba shi da kwamfutar kansa, akwai ta laburare, akwai shagunan buga takardu a bakin ƙofar kowace jami'a. Mun san yaron da ya roƙi mai shago ya bar shi ya riƙa taya shi buga takardu ranar Asabar ba biya. Kafin shekara ta zagayo shi yake buga wa 'yan ajin ƙarshe kundin bincikensu, yana biyan kuɗin ɗakinsa.

Na huɗu, riƙon kuɗi. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kome ƙanƙantarsa. Wanda bai iya riƙe naira dubu goma ba, ba zai iya riƙe miliyan ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rancen karatu marar ruwa ta asusun NELFUND. Taimako ne ga gidajen da abin ya yi wa nauyi, amma a tuna bashi ne, dokar kuwa ta ce za a fara biya shekara biyu bayan gama bauta wa ƙasa. A kuma yi nesa da cacar ƙwallo ta waya da masu cewa kawo dubu goma ka karɓi ashirin a mako. Sun cinye kuɗin makarantar yara da yawa.

SANA'AR HANNU BA TA RAGE DARAJAR DIGIRI

Akwai wani girman kai da yake shiga gidajenmu tare da takardar shiga jami'a. Yaron da jiya yake bin ubansa gona, yau sai a ce bai kamata a gan shi da fartanya ba. Wannan tunani ya cuce mu. Kakanninmu da suka yi makarantun mishan, da safe suna aji, da yamma suna gona ko ɗakin kafinta, ba wanda ya ga ƙasƙanci a ciki. Hukuma ma ta gane haka. Tun daga zangon karatu na 2007/2008 aka wajabta darasin koyon kasuwanci da dogaro da kai a jami'o'i, a 2012 kuma hukumar NYSC ta shigo da koyar da sana'a a sansaninta. Amma mako uku na sansani ba su isa mutum ya ƙware ba. Sana'a tana son watanni a ƙarƙashin ubangida.

Ina lokacin yake? Yana cikin hutu, yana kuma cikin yajin aiki. A 2020 malaman jami'a na ƙungiyar ASUU sun yi yajin aiki na wajen wata 9. A 2022 suka sake yin wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ba mu fata a sake, amma wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya kamata ya zauna da shiri. A yajin 2022 mun ga yara biyu 'yan unguwa ɗaya, ajinsu ɗaya. Ɗaya ya ce ai mako mai zuwa za a janye, ya yi ta jira a gindin mangwaro da waya a hannu har wata takwas suka cika. Ɗayan, mai karatun kimiyyar lantarki, ya bi wani mai haɗa wutar sola yana ɗaukar masa tsani da batir. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tā da janareta ya gagari mutane, masu shaguna da asibitoci da majami'u suka koma neman sola. Yaron nan bai sake tambayar ubansa kuɗin makaranta ba. Ya kuma gaya mana cewa darasin da dā yake haddacewa kawai, sai da ya kama waya da hannunsa ya gane shi.

Zai fi kyau a zaɓi sana'ar da take maƙwabtaka da karatun. Mai karatun injiniya ya je garejin bakanike ko wurin masu walda da ƙira irin na kasuwar Panteka a Kaduna. Mai karatun kwamfuta ya koyi gyaran waya. Mai karatun gona ya yi kiwon kaji ko kifi, ko noman rani. Mai karatun lissafin kuɗi ya riƙe wa wani ɗan kasuwa littafinsa. Mai karatun koyarwa ya tara yaran unguwa ya yi musu darasin yamma. In ba a sami mai kusa ba, ɗinki da aski da kitso da gashin burodi da ɗaukar hoto duk suna ciyar da mai su. 'Yan mata kuma kada a tsare su a kan ɗinki da girki kaɗai, gama mun ga mata masu gyaran waya da masu haɗa sola, aikinsu kuwa ba ya kasa na maza.

Akwai kuma shirin koyon aiki a masana'antu da ake kira SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta fara a 1973. Ɗaliban kimiyya da injiniya da gona da makamantansu sukan fita wajen wata shida, yawanci a aji uku ko huɗu. Da yawa sukan tashi neman wuri sai lokaci ya ƙure, su ƙare a ofishin da ba abin da ake yi sai sa hannu a littafi. Wanda ya fara zuwa wani wuri tun hutun shekara ta fari, aka san fuskarsa da halinsa, ba ya shan wannan wahala. Sau da yawa a nan aikin farko yake fitowa.

Amma ga kashedi. Taura biyu ba ta taunuwa. Sana'a guda ta isa, a kuma bar ta ga hutu da ƙarshen mako. Yaron da ya ɗanɗana kuɗi ya fara tsallake lacca domin ciniki, zai rasa abin da ya kai shi makaranta.

ABOKAI DA ƘUNGIYOYI

Jami'a cike take da ƙungiyoyi, na sashe, na gari, na tarayyar ɗalibai masu bi. Shiga guda ko biyu yana da kyau, ba domin zumunci kaɗai ba. Wanda ya yi sakatare ya koyi rubuta rahoton taro. Wanda ya yi ma'aji ya koyi ba da lissafi. Wanda ya shirya taro ya koyi tafiyar da mutane. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya rubutawa a takardar neman aiki. Amma mun ga yaran kirki waɗanda kowane dare suna wurin taro ko koyon waƙa, har jarrabawa ta same su ba shiri. Kowane abu da lokacinsa. Iyaye sun aike ku karatu ne, yin karatun da aminci kuwa shi ma hidima ce.

A yi abota da mutanen wasu garuruwa da wasu harsuna da wani addini, gama da su za a yi aiki gobe. A guji ƙungiyoyin asiri, da satar jarrabawa, da sayen maki. Dukansu suna jawo kora, wanda aka kora kuwa ya yi hasarar shekaru da suna gaba ɗaya. 'Yata, in wani malami ko ma'aikaci ya nemi abin da bai kamata ba domin maki, kada ki yi shiru. Ki gaya wa iyayenki, ki kai ƙara ofishin kula da al'amuran ɗalibai.

GA IYAYE

'Yan'uwa iyaye, namu aikin bai ƙare a tasha ba. Da fari, kada mu ɗora wa yaro burin da mu muka kasa cimma. Ba kowane mai ƙoƙari ne aka yi shi domin likita ba. Mu lura da abin da hannunsa da zuciyarsa suke so tun yana gida, mu taimake shi ya bi shi.

Na biyu, mu nemi ganin sakamako kowane zango. Ko ba mu yi boko mai zurfi ba, lambar nan guda ɗaya ce, daga 0 zuwa 5, kowa yana iya gane ta. Akwai iyayen da suka yi shekara uku suna aika kuɗi ga yaron da an riga an sallame shi, tsoro ya hana shi faɗi. In sakamakon bai yi kyau ba, mu tambayi dalili kafin mu yi faɗa. Wani yunwa ce, wani rashin wurin kwana, wani ciwo, wani abokai. Yaron da ya san za a saurare shi ba ya ɓoye faɗuwarsa.

Na uku, in ya zo hutu, kada mu bar shi ya kwanta har rana ta take domin wai ɗan jami'a ne. Mu kai shi wurin mai sana'a da kanmu, mu yi magana da ubangidan, in da kuɗin koyo mu biya. Wannan kuɗi ba ya kasa kuɗin rajista amfani. Waɗanda kuma Allah ya ba shago ko gareji ko ofis a cikinmu, mu buɗe ƙofa ga yaran maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu ce wanda ya bi waɗannan duka lalle aiki yana jiransa ba. Ƙasa tana cikin wuya, akwai masu ƙoƙari da yawa da suke nema har yanzu, akwai kuma inda ake ba da aiki domin sanayya. Wannan ba a hannun ɗalibi yake ba. Abin da yake hannunsa shi ne ranar da ya fita ya kasance da maki mai kyau, da sana'a guda da ya ƙware a kai, da mutanen da za su shaide shi, da suna marar aibi. Mai waɗannan huɗu, ko ofis bai kira shi ba, ba zai zauna hannu rabbana ba.

Saboda haka, kai da ke da kuke aji ɗaya bana, ku ɗauki takarda a makon nan ku rubuta abu uku: makin da kuke so ku samu a ƙarshen shekara, sana'ar da za ku fara koyo a hutu mai zuwa, da sunayen mutum uku da za ku je ku tambaya. Ku nuna wa Baba da Mama, ku liƙa ta a cikin murfin akwati, ku duba ta a ƙarshen kowane zango. Allah ya ba ku hikima da ƙarfin yi.